Littafin Ajin Alhamis

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau kayan suka iso. Kwamfutar hannu guda 6, kowace faɗinta kamar littafin rubutu, da tsohuwar laftof guda 1 wadda maɓallin "e" ɗinta ya ɓalle, da farantin sola madaidaici da batirinsa. Tsofaffin ɗaliban makarantarmu ne suka yi karo-karo suka saya, bayan ɗayansu ya zo ziyara ya tarar da ni ina koyar da darasin kwamfuta da alli. Shekara 7 ke nan ina zana linzamin kwamfuta a jikin allo yara suna kwafa. Tunda na taɓa gaya musu cewa da Turanci sunansa ɓera, har yau akwai masu ƙara masa kunnuwa.

Makarantarmu ta gwamnati ce, a bayan garin Kano, ni kuma aji 5 nake riƙe da shi. Hedimasta ya ce in riƙa rubuta duk abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi, don mu samu abin nuna wa waɗanda suka zuba kuɗinsu. Shi ne na buɗe wannan littafi. Kayan suna ofishinsa cikin akwatin ƙarfe irin na lefen da, da kwaɗo biyu. Mabuɗi ɗaya a wurinsa, ɗaya a bakin zanena.

Laraba, 22 ga Janairu

An yi zama biyu, maza da mata a haɗe, yara 5 a kan kowace kwamfuta. Abin da na gani ya tsaya mini a rai.

Cikin rukunin nan 6, babu inda yarinya ta riƙe kwamfutar ya kai minti guda. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya daka musu tsawa. Ina ajiyewa hannun namiji ya riga kaiwa, su kuma suka ja baya, suka gyara hijabi, suka koma 'yan kallo. Wata ma littafi ta buɗe tana rubuta abin da yaron yake dannawa, sai ka ce sakatariyarsa. Ita ce fa ke zuwa ta ɗaya a ajin tun daga aji 3.

Na ce, "Ke, karɓi ki gwada." Ta miƙa yatsa ɗaya kamar mai taɓa tukunya a kan murhu, ta janye. Ta ce, "Malama, kar in lalata ta." Yaron da ke gefenta kuwa tuni ya kutsa cikin saituna ya juya harshen kwamfutar zuwa wani rubutu da ban taɓa gani ba. Rabin awa na kashe kafin in dawo da ita, shi ko a jikinsa, har dariya yake.

Shekaranjiya kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Lissafin da na yi na sayen data duk wata ya rushe tun ba a je ko'ina ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na raba su. Maza suna nan da darasinsu na cikin jadawali ranar Talata. Mata 24, 'yan aji 5 da aji 6, na ware musu awa ɗaya da rabi bayan tashi, ranar Alhamis.

Zaɓen ranar ya ci mini mako guda. Ranar yarinya a unguwarmu a cike take: shara da wanke-wanke da safe, boko, a dawo a ɗauki farantin talla ko goyon ƙani, la'asar a tafi Islamiyya, magariba a hura wuta. Ko'ina na taɓa sai in ji na taka wani. Alhamis da Juma'a ne ba a zuwa Islamiyya, Juma'a kuwa da wuri ake tashi. Saura Alhamis.

Wani abokin aikina ya ce wannan son kai ne, ai kayan na makaranta ne gaba ɗaya. Na ce masa ya zo ranar Talata ya ƙirga hannayen da ke kan kayan, in ya ga hannu mai lalle ko ɗaya in ba shi goro. Bai zo ba, bai kuma sake maganar ba.

Doka biyu na kafa. Kowane rukuni na mutum 4 yana da murfin kwalba guda. Mai murfi ita ke da kwamfuta, minti 10, sannan ta miƙa wa ta damanta. Wadda ba ta da murfi kuwa da baki za ta taimaka, hannunta a kan cinyarta. Ta biyun ce mai wuya, don ko a cikin matan akwai masu zaƙewa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Taro da iyaye mata da 'yan kwamitin kula da makaranta, a ƙarƙashin darbejiya. Na san za a yi maganar TikTok, an kuwa yi. Wani dattijo, mutum mai mutunci da nake girmamawa, ya ce, "Malama, mu fa waya ce ta fi komai tayar mana da hankali a kan 'ya'ya mata. Kina jin abin da Hisba ke fama da shi kullum. Yanzu ku da kanku za ku damƙa musu?"

Ban yi masa gardama ba, don tsoronsa ba na banza ba ne. Na ɗauko kwamfuta guda na miƙa masa. Na ce, "Baba, duba da kanka. Ba layi a ciki, ba intanet. Abin da muka zuba shi kaɗai ne a ciki, kuma duk ranar da ka ga dama ka zo ka bincika." Ya jujjuya ta, ya miƙa wa ɗansa ya duba. Sannan na tuna musu cewa tun 2015 jarabawar JAMB da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzami ba, ko da ta haddace littafin, hannunta zai yi rawa ranar. Nan na ga kawuna sun fara kaɗawa.

Wadda ta ɗaure ni ita ce wata uwa mai suyar awara. Ta ce, "Ni ban ƙi ba. Amma awa ɗaya da rabin nan, lokacin ne 'yan makarantar sakandare ke tashi, lokacin ne ciniki. Wa zai biya ni?" Ba ni da amsa. Hajiya shugabar iyaye mata ce ta fitar da ni kunya. Ta ce a kawo farantin makaranta, malamai da masu ɗauko yara su saye. Aka yi dariya, aka kuma tsaya a kan haka. Ga dukkan alamu duk Alhamis awara ce abincin ranata.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ba da hutu yau, har bayan Sallah, saboda azumi. Zama 4 muka samu.

Abin da ya fi amfani a watan nan ɗan bautar ƙasar da aka turo mana ne ya yi shi. Ya sa wa laftof ɗin wata manhaja mai suna Kolibri. Yadda take aiki: sau ɗaya za ka je inda akwai intanet ka sauke darussa a laftof, in ka dawo sai ka kunna wayarka ta haɗa na'urorin a waje guda, ko da babu data a cikinta, kwamfutocin hannun su riƙa ɗiba daga laftof ɗin kamar masu ɗiban ruwa a randa ɗaya. Har tana nuna mini wadda ta gama darasi da wadda ta maƙale. Akwai kuma dandalin darussa na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Na yi rajista a wayata ina duba darussan lissafi, sai dai bidiyo ko na waye cin data gare shi, don haka a hankali nake taɓawa.

Abubuwan da ba wanda ya gaya mini: ƙurar hunturu tana rufe farantin sola, in ba a goge shi duk safiya ba batirin ba ya cika. Basilin ɗin da iyaye ke lafta wa yara saboda kaushi kuwa, minti 5 ya ishe shi ya mai da gilashin kamar kaskon suya. Yanzu da tsumma da sabulu ake shiga ajin.

Talata, 18 ga Maris

Azumi, ina gida. Da daddare bayan asham nake sayen datar dare mai araha ina sauke littattafan yara na Hausa daga African Storybook. Na tara 30 da 'yan kai.

Jiya biyu daga cikin 'yan ajin suka kawo mini kunun tsamiya daga iyayensu. Ina fama da wayata ta ƙi tura hoto, ɗayar ta ce, "Malama, kawo." Kafin in ce kwabo ta share tarkacen da ya cika wayar, ta tura hoton, ta miƙo mini. Na ce a ina kika koya? Ta ce ita ke riƙe wa Ummanta waya. Ita ke karanta mata saƙon banki in an turo kuɗin ɗinki, ita ke nemo lambar mutane, ita ke tura wa 'yan uwa saƙon murya, ita ke kai wa mai caji ta karɓo.

Wannan ita ce yarinyar da ta ce mini kar ta lalata. Ashe hannun ya iya. Na tambaye ta to me ya hana ta a makaranta? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta Umma in ta lalace faɗa za a yi mini. Ta makaranta kuwa biya za a ce mu yi."

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ɗan bautar ƙasa ya shigo yana murna wai yau ce ranar 'yan mata da fasahar sadarwa ta duniya, wadda ake yi duk Alhamis ta huɗu a watan Afrilu. Na ce to madalla, mu kullum Alhamis tamu ce.

Rubutu muka yi. Na sa musu maɓallan Hausa na Gboard, masu ƙ da ɗ da ɓ, na ce kowa ta rubuta sunanta da na kakarta da abincin da ta fi so. Ajin ya kaure da gardama a kan ko ɗanwake da ƙugiya ake rubuta shi. Wata ta rubuta "kofa" ta ce daidai ne, haka yayanta ke rubutawa a waya. Na rubuta mata "baki" da "baƙi" na ce ta karanta. Ta yi shiru, sannan ta koma ta gyara ƙofarta. Shekara da shekaru ina koyar da wannan da alli bai zauna ba. Yau da yake sai an nemo harafin an danna shi, ya zauna.

Zafi ya yi mana ɓarna. Kwamfuta guda batirinta ya kumbura har bayanta ya ɗaga. Laifina ne, na bar ta a caji cikin akwatin ƙarfe, a ofis mai rufin kwano. Saura 5.

Laraba, 14 ga Mayu

Tun makon jiya nake son in rubuta wannan, aikin jarabawar gwaji ya hana.

Mun fara Scratch. Manhaja ce da jami'ar MIT ta Amurka ta yi don yara, inda ake jera umarni kamar tubali, wani a kan wani, sai wata kyanwa da ke kan gilashin ta bi. Ni ma a hutun nan na koya, don haka tafiyarmu ɗaya. Zaman farko kyanwar suka yi ta sa wa tana juyi tana kuka, ajin ya zama gidan biki. Na bar su.

A zama na biyu 'yar mai awara ta kira ni. Ta ce, "Malama, za ta iya lissafin canji?" Na ce gwada mu gani. Abin da take so shi ne kyanwar ta tambayi awara nawa aka saya, ta tambayi nawa aka bayar, ta faɗi canji. Na nuna mata yadda ake buɗe ma'ajiya a ba ta suna, a ajiye lamba a ciki. Ta buɗe ɗaya ta kira ta "awara", ɗaya "kuɗi". Ta ninka awara da 50, ta cire daga kuɗi. Aka gwada: awara 6, an ba da 500. Kyanwa ta ce 200. Suka yi shewa.

Sai wata mai murfi a hannu ta ce bari ta gwada mugunta. Awara 10, an ba da 200. Kyanwa ta ce -300. Aka yi tsit, don ba mu kai ga lambobin da ke ƙasa da sifiri ba a aji 5. Ina shirin buɗe baki, 'yar mai awara ta ce, "Ai bashi ne. Shi zai ciko ɗari uku." Ta jawo tubalin sharaɗi da taimakona, ta sa in kuɗi bai kai ba kyanwar ta ce, "Ba a ba da bashi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce shirin bai cika ba, don duk wanda ya sayi ta 500 ana yi masa gyara guda ɗaya, in ba haka ba gobe ba zai dawo ba. Wannan ya ci mana sauran lokacin, har mai gadi ya zo yana kaɗa mabuɗai. A jarabawar lissafi yarinyar nan da kyar take haye rabi. Na daɗe ina kallon sakamakonta na zangon da ya wuce, ina tunanin me muke aunawa.

Litinin, 16 ga Yuni

Mako biyu marasa daɗi.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin hutun Babbar Sallah, wajen miƙa murfi, kwamfuta ta suɓuce daga hannun wata 'yar aji 5 ta faɗi a kan siminti. Gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Na ce ba komai, na ci gaba da darasi. A zatona magana ta ƙare.

Aka dawo hutu ba ta zo ba. Kwana 1, kwana 2, kwana 3. Ranar Asabar na yi sallama gidansu. Uwar na ganina ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta ce, "Malama, wallahi muna nan muna haɗawa. Akuyar nan nake so a kai kasuwa, babanta bai sani ba tukuna." Yarinyar tana bayan ƙyaure, ƙafafunta kawai nake hangowa. Ashe tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Na zauna a kan tabarma na rantse mata ba wanda zai karɓi ko sisi. Ba ta yarda ba sai da na kira hedimasta a waya ya faɗa da bakinsa. A hanyar dawowa na yi ta jin haushin kaina. Tun watan Maris yarinya ta gaya mini abin da suke tsoro, na rubuta shi a littafin nan da hannuna, ban yi komai a kai ba. Yau a taron safe hedimasta ya sanar a gaban kowa: kayan koyo in sun lalace a wajen koyo, makaranta ce da asara. Na sa an rubuta a kwali an manna a ƙofar ajin.

Gyara kuma sai a hankali. Mai gyaran da muka saba da shi a kasuwar waya ta Farm Centre yake, gobarar da ta tashi a can ranar Sallah ta taɓa layinsu. Na kai titin Beirut, kuɗin da aka faɗa ya fi ƙarfin asusunmu. Mun manna mata salatif, tana aiki. Abin mamaki yanzu ita kowa ke rububi, wai ita ba a jin tsoronta.

Alhamis, 17 ga Yuli

Mun gayyaci iyaye mata su ga aikin zango. 15 suka zo, wasu da goyo. Kowace yarinya ta zaunar da uwarta ta ba ta murfi. Na ga uwa tana miƙa yatsa ɗaya tana janyewa, 'yarta na cewa, "Danna mana Umma, ba ya cizo." Mai awara ta gwada shirin 'yarta sau 3 tana neman kuskure, ba ta samu ba, ta ce saura a koya wa kyanwar suya.

Dattijon nan na watan Fabrairu bai shigo ba, amma na hango shi a bakin taga ya daɗe a tsaye.

Cikin 24 da muka fara da su, 19 ne suka kai ƙarshe. Biyu sun tashi daga unguwar. Ɗaya an kai ta riƙo wurin gwaggonta. Biyu damina ta janye su gona, sun ce za su dawo. Wadda aka kai riƙo ita ce sakatariyar nan ta ranar farko, kuma ita ta fi kowa saurin rubutu. Na tura mata littattafan Hausa 10 ta wayar gwaggon, ban sani ba ko ana ba ta ta karanta.

Talata, 23 ga Satumba

Sabuwar shekarar karatu. 'Yan aji 6 sun wuce, ɗan bautar ƙasa ma ya kusa gama wa'adinsa, don haka na zaunar da shi ya koya mini sauke darussa a Kolibri, na rubuta mataki-mataki a bayan littafin nan. Ana ta maganar sabuwar manhajar karatu da gwamnatin tarayya ta sanar, wadda ta ba koyon fasahar zamani muhimmanci. Mu dai kwamfutarmu 5 ce, ɗaya da salatif.

Sababbi 41 suka rubuta suna, gurbi 20 gare ni, mutum 4 a kan kowace kwamfuta. Na ɗauki tsofaffi 5 na naɗa su yayyen rukuni, su ba a lissafa su cikin masu murfi. Sauran na ce su jira zango na biyu. Wata ta yi kuka har da majina.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Shekaranjiya Talata na yi gwajin da na daɗe ina ɗagawa. Na sake haɗa maza da mata a darasin jadawali, ba murfi, ba doka, na ajiye kayan na koma gefe da biro.

Rukuni 5. A biyu, tsofaffin 'yan Alhamis ne suka riga kai hannu, ɗaya har tana cewa yaron da ke gefenta, "Da baki za ka taimaka." A ɗaya an yi ta karɓa-karɓa ba rigima. A sauran biyun kuwa, inda matan sababbi ne, kamar watan Janairu: maza a gaba, hijabai a baya. Ajin Alhamis zai ci gaba ke nan, murfin kwalba kuma zai shiga darasin Talata daga mako mai zuwa.

Abin da ke gabana kafin ƙarshen wata: in rubuta wa tsofaffin ɗalibai takardar neman batiri da gilashi, in samo kwandon roba mai huji a daina ajiya a akwatin ƙarfe, in nemi lambar gwaggon nan in sake kira. Mai awara kuma ta aiko a gaya mini waken suya ya tashi, yanzu guda 3 ne 200, wai a faɗa wa kyanwa. 'Yarta ta ce raba 200 gida 3 ba ya fita daidai, sai ta sake ginin daga tushe. Na ba ta laftof ɗin Alhamis mai zuwa, in an samu rana batiri ya cika.